Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Wace Manhaja Mai Linux Zai Zaɓa Don Shiga Kwamfutarsa Daga Nesa?

Yau zancen kwamfuta zan yi, amma bari in fara da abin da ya sa na damu da shi.

A watan Agustan 2021, lokacin da gwamnatin Filato ta sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Jos ta Arewa, ina zaune a gida a Unguwar Rogo sai waya ta yi ƙara. Wani Alhaji ne, dillalin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, wanda na daɗe ina riƙe masa lissafi a kwamfutar shagona da ke cikin gari. Bayan gaisuwa da jajanta wa juna, sai ya ce, "Malam, mutanen Kano sun dame ni da waya, kowa da adadin da yake cewa yana bi na. Duba mini littafin nan ka gaya mini gaskiyar lissafi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, littafin yana cikin kwamfuta, kwamfuta tana shago, shago kuma ka san babu hanya."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ƙarshenta da ka ya biya mutane. Ya yi wa wani ƙari, ya rage wa wani, kuma wanda aka rage wa ɗin abokin cinikinsa ne na shekara da shekaru. Sai da aka yi watanni kafin su shirya. Tsakanina da wannan kwamfuta tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a keke napep ba ce, amma ranar da ita da Makka duk ɗaya suke a wurina. Laifin kuwa nawa ne, domin na san akwai manhajojin da ke ba mutum damar ganin fuskar kwamfutarsa da sarrafa ta daga nesa, ban dai tanada ba.

Mu mutanen wuri biyu ne

Duk wanda ya girma a garin nan ya san wannan ba shi ne karo na farko ba. Mun ga Satumbar 2001, mun ga gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, mun ga Nuwambar 2008 da Janairun 2010, sannan ga kullen korona a 2020. Ba siyasar waɗannan al'amura na zo tattaunawa ba. Abin da nake nufi shi ne, mutumin Jos ya san ana iya wayar gari a raba shi da shagonsa ba tare da sanarwa ba.

Bayan haka, rayuwarmu a rabe take tun asali. Kakana haƙar kuza ce ta kawo shi daga ƙasar Kano, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Amma har gobe ina da kawu a Kano, da ƙane a Zariya, da 'ya'yan yayata a Bauchi. Da can direbobin tashar Bauchi Road ke kai mana wasiƙa da saƙon dankali. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai muka koma kira. Yanzu kuma abin ya kai kawu zai kira ya ce, "Kai ɗan nan, kwamfutar da ka ba ni ta ƙi buga takarda, me zan danna?" Wanda ya taɓa ƙoƙarin koya wa dattijo gyaran firinta ta waya ya san me ake kira haƙuri.

Me ya kawo Linux cikin zancen?

Mafi yawan kwamfutocin da ke shagunanmu da makarantunmu 'yan Beljiyam ne, an gama cin moriyarsu a Turai kafin su iso. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon ƙarfe, waɗanda tsofaffin kwamfutocinmu da dama ba su da su. Don haka matasa da yawa suke ɗora musu Ubuntu ko Linux Mint, babbar manhaja ce ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe, wato kowa zai iya duba yadda aka gina ta. Ni tun zamanin da kamfanin Canonical ke aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya na fara taɓa ta. An fara fitar da Ubuntu a Oktoban 2004, an kuma daina rabon faifan a 2011.

To, ga mai Linux, wace manhajar shiga daga nesa ya kamata ya zaɓa? Ra'ayina shi ne, tambayar kanta ba a yi ta daidai ba. Kafin ka tambayi wacce ta fi, tambayi kanka wane irin shiga za ka yi. Iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shigar baƙo ce: akwai mutum a gaban kwamfutar, kamar kawu, zai buɗe maka, ka gyara, ka fita. Na biyu shigar mai gida ce: kwamfutarka ce, babu kowa a wurin, kana son ka shiga ko da tsakar dare. Baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama. Mai gida da makulli yake yawo. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki manhaja guda ya ba ta aikin biyu, ƙarshenta ya bar makullin gida a hannun baƙo.

Ɗan bayani a kan yadda abin yake

Kowace irin wannan hulɗa tana da ɓangare biyu: manhajar da ke kan kwamfutar da za a shiga, da manhajar da ke hannun mai shiga. Dole su biyun su ji yaren juna. Manyan yarukan biyu ne.

Akwai VNC, wanda aka ƙirƙira a wani ɗakin bincike a Kambirij ta Ingila a ƙarshen shekarun 1990. Shi hoton fuskar kwamfuta yake ɗauka yana aikowa, duk inda ya canza ya sake aikowa. Yana aiki kusan ko'ina, amma tsohon tsarinsa ba ya ɓoye abin da ke wucewa a hanya, kuma haruffa 8 na farko kawai yake lura da su a kalmar sirri. Akwai kuma RDP na Microsoft, wanda ya fito a 1998. Ya fi VNC iya tattali idan intanet ba ta da ƙarfi, kuma yana ɓoye bayanai. Ko da yake na Microsoft ne, masu buɗaɗɗiyar manhaja sun gina nasu da ke jin yarensa, irin su FreeRDP da xrdp.

A ɓangaren mai shiga, manhajar da na fi yarda da ita a Linux ita ce Remmina. Kyauta ce, tana cikin ma'ajiyar Ubuntu da Mint, tana jin RDP da VNC da SSH, kuma tana ajiye jerin kwamfutocinka kowacce da tsarinta. Masu KDE suna da KRDC, masu GNOME suna da Connections, duka suna aiki, amma Remmina ta fi su yawan wuraren gyara. Sai dai a lura, ita mai shiga ce kawai. Ɗora ta a kan kwamfutar shago ba zai sa a iya shiga shagon ba.

Sai rukuni na uku, waɗanda ke da yarensu na kansu kuma suke bi ta uwar garken wani: TeamViewer da AnyDesk, dukansu na kamfanonin Jamus, da kuma RustDesk mai buɗaɗɗen tushe. Waɗannan lamba kawai za a karanto maka da kalmar sirri, sai ka ga kanka a ciki.

Gwaji huɗu na mutumin Jos

Mujallun Turawa idan suna kwatanta waɗannan manhajoji, kyan hoto da sauri suke aunawa. Mu awonmu daban ne.

Gwaji na farko shi ne hanya. Yawancinmu da layin waya ko MiFi muke shiga intanet, kuma kamfanonin waya kan tara dubban mutane a bayan adireshin intanet guda ɗaya. Ma'ana, kwamfutar shagonka ba ta da ƙofar kanta da za a ƙwanƙwasa daga waje. Shi ya sa mutum zai kunna RDP, ya gwada a cikin shago ya ga yana aiki, ya koma gida ya tarar shiru. TeamViewer da AnyDesk da RustDesk sun tsallake wannan matsala domin kwamfutocin biyu ne ke fita su haɗu a wurin ɗan tsakiya. Remmina ita kaɗai ba za ta tsallake ba, sai an shimfiɗa mata hanya. Hanyar da nake bi ita ce Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, tsarin da ya shiga cikin zuciyar Linux a 2020. Tana haɗa na'urorinka su zama kamar a ɗaki ɗaya suke, kuma ba mai ganinsu sai wanda ka shigar.

Gwaji na biyu shi ne data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, kowa kuma ya ji a aljihunsa. A Remmina kana iya rage launi da ingancin hoto, ka kashe hoton bango, aiki ya tafi ko da sabis yana rawa. Wanda ke da XFCE ko MATE kuma, ya duba X2Go. Tana tafiya a cikin SSH, tana jure raunin intanet, kuma idan layi ya yanke aikinka yana nan inda ka bar shi. Illarta ita ce ba ta shiri da sabuwar GNOME. Wannan darasi na gina abu daidai da ƙarfin intanet ɗin wuri ba baƙo ba ne a garin nan. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, kuma wahalar intanet da ya gani ce ta kai ga ƙirƙiro eGranary, ɗakin karatun da ake zuba shafukan intanet a cikin faifai a kai wa makarantu.

Gwaji na uku shi ne wuta. A nan na sha kunya karo na biyu. Bayan abin da ya faru da Alhaji na shirya komai, na koma gida ina taƙama. Washegari na gwada, shiru. Ashe an ɗauke wuta da dare, ta dawo, kwamfuta kuma tana nan a kashe tana jiran yatsan da zai danna ta. Maganin yana cikin BIOS: yawancin kwamfutocin tebur suna da zaɓin da ke sa su kunna kansu da zarar wuta ta dawo. Sannan ka tabbata MiFi ɗin ma tana dawowa da kanta, ko ka haɗa su da ƙaramar inbata ko sola. Bayan kwamfuta ta tashi kuma, shin manhajar za ta bari ka shiga alhali ba wanda ya shigar da kalmar sirri a gabanta? A nan ake rabuwa. Tun GNOME 42, wadda ta zo da Ubuntu 22.04, akwai RDP a cikin saituna, amma sai an riga an shiga kwamfutar. GNOME 46 ta Ubuntu 24.04 ce ta kawo damar shiga daga nesa tun daga shafin kalmar sirri. Masu Linux Mint kuma sai su ɗora xrdp, su kuma tuna su fita daga asusunsu kafin su rufe shago, domin ba ya son a shiga asusu ɗaya ta wuri biyu.

Akwai wani abu da ke da alaƙa da wannan. Linux tana ƙaura daga tsohon tsarin nuna hoto mai suna X11 zuwa sabo mai suna Wayland. Ubuntu ta mai da Wayland zaɓin farko tun 2021. Wayland ba ya barin kowace manhaja ta leƙa fuskar kwamfuta sai da izini, abu ne mai kyau ga tsaro, amma manhajojin da aka gina a zamanin X11 da yawa suna tuntuɓe a kansa, musamman idan babu wanda zai danna amincewa. Don haka kada ka yarda da abin da aka rubuta a talla. Gwada a kan kwamfutarka, ka kashe ta, ka kunna, ka sake gwadawa.

Gwaji na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne: makulli a hannun wa yake? TeamViewer da AnyDesk kyauta ne ga amfanin kai kawai. Mai shago da ke riƙe lissafin mutane kasuwanci yake yi, lasisi ya kamata ya saya, kuma da kuɗin waje ake biya. Sannan duk hulɗarka ta dogara da uwar garkensu. A Fabrairun 2024 AnyDesk ya sanar cewa an kutsa cikin tsarinsa, har ya soke takardun shaidar manhajarsa da kalmomin sirrin shafinsa. A Yunin shekarar TeamViewer ma ya sanar da kutse a kwamfutocin ofisoshinsa, ya ce bai shafi manhajar da abokan hulɗa ke amfani da ita ba. RustDesk tana ba ka damar kafa uwar garkenka da kanka, ka daina bi ta hannun kowa, in kana da hali.

Abin da na zaɓa

Don shigar mai gida, wato kwamfutar shagona: RDP a kan kwamfutar, Remmina a hannuna, su biyun a cikin Tailscale. Ban buɗe ko ƙofa ɗaya zuwa intanet ba. Wanda ke da intanet na waya mai igiya kuma yake tunanin buɗe ƙofa ta 3389 ta RDP ko 5900 ta VNC ga duniya, ina roƙonsa ya bari. Akwai kwamfutocin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai laluben waɗannan ƙofofi. A Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a RDP na tsofaffin Windows da aka sa wa suna BlueKeep, wadda munin ta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya daɗe da yin watsi da ita.

Don shigar baƙo, wato kwamfutar kawu: RustDesk, da kalmar sirri ta wucin gadi wadda ke canzawa. Shi zai buɗe, shi zai karanto mini, idan na gama ya rufe. Ban sa kalmar dindindin a kwamfutarsa ba, ko da yake ya ce, "Ai kai ɗana ne, sa kawai." Na ce, "Kawu, ko ɗa ai yana sallama kafin ya shiga turaka." A cikin kwamfutar nan akwai hotunan iyalinsa da takardun gidansa. Ba a banza ake rubuta "ba a shiga" a ƙofar gidajenmu ba.

Masu ja da ni

Na san wasu za su ce wannan duk wahala ce, me zai hana a zuba takardu a Google Drive a huta? Gaskiya ne, kuma da na yi haka a 2021 da Alhaji bai shiga rigima ba. Ina ba kowa shawara ya ajiye kwafin muhimman takardunsa a wani wuri daban, domin manhajar nesa ba ta shiga kwamfutar da ta ƙone ko aka sace. Amma ajiya ba ta gyara firintar kawu, ba ta kuma buɗe manhajar lissafin da ke kan kwamfuta ɗaya tak.

Wasu za su ce TeamViewer da AnyDesk sun fi sauƙi, kuma suna da na Linux. Wannan ma gaskiya ne. Wanda buƙatarsa ita ce ya taimaki mahaifiyarsa sau ɗaya a wata, ban ga laifinsa ba idan ya tsaya a kansu.

Wasu kuma za su ce ina fifita buɗaɗɗiyar manhaja kamar ba ta da aibi. Tana da shi. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhaja da ke cikin kusan kowace Linux, kuma SSH aka nufa da ita. An kama ta kafin ta bazu, domin tushen a buɗe yake wani ya iya bin sawu, amma abin ya nuna ba wanda ya tsira. Ita ma Tailscale kamfani ce, uwar garkenta ba buɗaɗɗiya ba ce, kuma tsarinta na kyauta don amfanin kai ne, mai kasuwanci ya karanta sharuɗɗa. Wanda ba ya son dogaro da ita akwai Headscale da zai kafa da kansa. Abin da nake cewa kawai shi ne ka san wanda ka ba amana, ka kuma rage yawansu.

Gargaɗi ga iyayenmu

Babu manhajar da za ta kare wanda ya buɗe ƙofa da hannunsa. 'Yan damfara suna kiran mutane su ce daga banki suke, ko daga kamfanin waya, su sa mutum ya ɗora irin wannan manhaja a wayarsa ko kwamfutarsa ya karanto musu lamba. Daga nan duk abin da ya danna suna gani, har lambar sirrin asusunsa. Duk wanda ya ɗora wa dattijonsa wannan manhaja, wajibi ne ya zaunar da shi ya gaya masa: wannan lamba ni kaɗai za ka karanta wa, kuma sai idan kai ka kira ni. Banki ba ya neman shiga wayar kowa.

Kammalawa

Yau idan Alhaji ya kira, ko ina gida ko ina Kano wurin biki, nakan ce ya ba ni minti biyar. Duk ranar Juma'a bayan na rufe shago nakan gwada shiga daga gida, don in tabbata hanya tana nan. Sau biyu wannan gwaji yana nuna mini matsala: sau ɗaya data ce ta ƙare a MiFi, sau ɗaya kuma yaron shago ne ya zare waya ya sa cajin wayarsa.

Don haka shawarata ga masu shagunan buga takardu, da masu riƙe wa makarantun unguwa sakamakon jarrabawa, da duk wanda amanar wani ke cikin kwamfutarsa: ku shirya wannan abu yanzu da gari yake lafiya, ku gwada daga gida, ku kashe wuta ku sake gwadawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kakare a wani mataki ya nemi matasanmu da suka iya, suna nan da yawa daga Rikkos har Bukuru.

Allah ya zaunar mana da Filato lafiya, ya sa kada mu sake buƙatar wannan shiri saboda dokar hana fita. Sai mun sake haɗuwa.